A Ƙasa Na Same Ta

A cikin masu sayen wake da riɗi a kasuwar Azare akwai wani mutum da kowa yake kira Baban Abba. Ba attajiri ba ne, amma yana da rufin asiri: sito ɗaya a bakin kasuwa, da babur, da gida mai ɗaki uku a Matsango inda yake zaune da mahaifiyarsa da matarsa. Da kaka yakan bi ƙauyukan Madara da Cinade da Bulkacuwa ya tara wake lokacin da manomi ke neman kuɗi ido rufe, ya ɓoye, sai bazara ta kama farashi ya ɗaga ya sayar wa masu lodi zuwa Kudu.

Matarsa 'yar garin Katagum ce, tsohon mazaunin sarauta da ke bakin kogin Jama'are, kafin a dawo da fada Azare. Auren soyayya suka yi. Allah ya ba su ɗa namiji a Disambar 2017, watan da Sarkin Katagum Alhaji Muhammadu Kabir Umar ya rasu, shi ya sa Hajiya, mahaifiyar Baban Abba, ba ta taɓa rikita shekarun jikanta ba. Sunan kakansa aka sa masa, ana ce masa Abba.

Baban Abba ba ya duka, ba ya zagi, cefane kuma bai taɓa yankewa a gidansa ba. Aibinsa ɗaya ne: bakinsa bai iya furta "ni ne" ba. In ya manta gishiri a kasuwa, ita ce ba ta tuna masa ba. In awo ya yi gibi, yaron sito ne. In babur ya mutu a hanya, mai gyara ne. Maman Abba ta gane halinsa tun tana amarya, sai ta riƙa yin dariya tana cewa, "To, na ji, laifina ne," don dai a zauna lafiya. A hankali gidan ya saba: duk laifin da ya rasa mai shi, nata ne.

Babban abokin gābar mai ɓoye wake shi ne ƙwaro. Malaman gona sun daɗe suna tallata buhun PICS mai ninki uku, wanda in aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu ba tare da an zuba komai ba. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da maganin nan mai ƙarfi, irin su Sniper, barkatai a kasuwanni, bayan rahotanni sun yi yawa na masu shan sa da masu yayyafa shi a wake. Baban Abba ya ce buhun ya yi tsada, maganin kuma tun yana yaro yake gani ana aiki da shi. Sai ya ci gaba da saye a wurin wani mai tsiyayowa daga galan, yana ɗura wa mutane a duk abin da suka miƙa.

Wata ranar Laraba da kakar 2020, sito ya cika, ya kawo buhu goma ya jibge a zauren gidansa. Ya zo da maganin a robar lemo, wadda ko takardar kamfanin ba a ɓare ba. Ya ajiye ta a gindin buhunan da niyyar in ya dawo daga La'asar ya yi feshi. Maman Abba na madafi tana tuƙa tuwo, Hajiya na ɗaki tana lazimi. Abba, wanda bai cika shekara uku ba, yana wasa da murfin langa a tsakar gida.

Uban ne ya fara ganin sa. Yana shigowa daga masallaci ya tarar da yaron kwance a zaure, yawu na dalala, gumi ya jiƙe masa riga, ƙirjinsa na kurari. Robar na gefe a buɗe. Kafin ya ɗauki ɗansa, kafin ma ya yi salati, sai hannunsa ya kai ga robar ya cusa ta a aljihun babbar riga. Shi kansa bai san lokacin da ya yi haka ba. Sannan ya ƙwalla ihu.

Gida ya cika. Wata maƙwabciya ta kawo manja aka ɗura wa yaron, wata ta ce madara ta fi, wata ta sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Da aka ga abin ba na gida ba ne aka tari a-daidaita-sahu zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Likita ya buɗe idon yaron ya ga ƙwayar ta tsuke ta zama ɗan ɗigo, ya sunsuni bakinsa, nan take ya sa aka fara yi masa allurar atrofin. Ya ce manjan nan da aman dole ba sa kashe guba, lokaci kawai suke ci, kuma sukan sa abu ya faɗa wa yaro a huhu. Ya juyo ya ce, "Ina abin da ya sha? Kun zo da kwalbar?"

Robar na aljihun Baban Abba, yana jin sanyinta a cinyarsa. Ya ce, "Wallahi likita, daga masallaci nake."

Abba ya cika kafin Asuba.

A zaman makoki tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin mata: a ina yaro ya samu fiya-fiya? Maman Abba tana da 'yar kwalba da take ɗigawa a ɗaki saboda sauro, tana ajiye ta can saman sif. Daren Talata ta yi amfani da ita. Tun daga asibiti take ƙoƙarin tuna ko ta mayar, ta kasa. Hajiya, wadda zafin rashin jika ya rufe wa ido, ta faɗa a gaban 'yan gaisuwa: "Sakaci dai ba shi da kyau. Uwa na gida a ce yaro ya sha guba."

Ran sadakar uku da dare, da mutane suka watse, Maman Abba ta taka kujera ta leƙa saman sif. Ga kwalbar nan a inda take ajiye ta, murfinta a ɗaure tam. Ta fito da ita jikinta na rawa, ta sami mijinta zaune a bakin gado.

"Baban Abba, ka gani, tana sama. A rufe take. Ba ita ya sha ba."

Ya ɗago ya dube ta. Da ya buɗe baki a lokacin ya faɗi gaskiya, da an yi kuka, da an yi faɗa, wataƙila ta yi yaji, amma da an wuce wurin. Sai ya tuna da fuskar Hajiya, da mutanen kasuwa, da yadda za a riƙa nuna shi ana cewa ga wanda ya kashe ɗansa saboda ƙyashin kuɗin buhu.

Ya ce, "Ni na mayar da ita sama. A ƙasa na same ta."

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye kwalbar a hankali, ta ce, "To."

Daga wannan dare gidan ya sake. Ba ya iya haɗa ido da ita, domin duk lokacin da ya dube ta abin da ya yi yake gani, sai ya fara ƙaurace mata. Ita kuma ta ɗauka tsanar ta yake yi saboda ta kashe masa ɗa, ta kuma ga ya yi daidai. Ya daina ce mata Maman Abba, sai "ke". Sukan yi mako ba abin da ya haɗa su sai ajiye kwano da ɗauke kwano. Abin mamaki, da tafiya ta yi tafiya sai ya fara jin haushinta na gaske, kamar ita ce ta sa shi yin ƙaryar.

Ita kuwa barci ya ƙaurace mata. Cikin dare sai a ji motsinta tana taka kujera, ta shafa saman sif, ta sauko, can an jima ta sake hawa. Ta kwashe duk wata kwalba da ke gidan, ta man gyaɗa da ta turare, ta wanke su da toka har fatar hannunta ta tsage. Ta daina kitso, ta daina zuwa suna da biki. Har ta kai tana ba da labarin yadda ta ajiye kwalbar a ƙasa, a gefen ƙafar gado ta hagu, tana kwatanta abin da bai taɓa faruwa ba filla-filla. Shi kuma yana zaune yana ji.

Ashe lokacin rasuwar tana da ƙaramin ciki. Da damina ta 2021 ta haifi mace, aka sa mata sunan Hajiya, ana ce mata Ummi. Kowa ya ce to, Allah ya share mata hawaye. Sai ga shi ta ƙi ɗaukar jaririyar. In an miƙo mata ta ba da nono sai ta maƙale hannuwanta a baya, dole wata ta riƙe yarinyar a ƙirjinta. Aka ce iska ce ta shige ta a wankan jego. Aka kawo mai ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Mai ruƙiyyar ya yi karatu iya ƙarfinsa, ba aljanin da ya yi magana, sai ita da ke ta maimaita, "Ku ɗauke ta daga wurina, hannuna ba kyau."

Bayan arba'in Hajiya ta ce a kai ta gida ta huta. Aka sa ta a mota da jaririyar, aka bi ta Gadau zuwa Katagum. Ba saki, ba zama. Kafin shekara ta zagayo Baban Abba ya yi amarya, mutane kuma suka yaba masa haƙuri, suna cewa wani ne da tuni ya ba ta takardarta. Duk wata yana aika buhun hatsi da kuɗin sabulu, amma ƙafarsa ba ta taka garin ba sai sau ɗaya, ranar ma a zaure ya tsaya.

A Katagum Inna, mahaifiyar Maman Abba, ce ta rungumi Ummi. Ƙanin Maman Abba, wanda ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, shi ya matsa wa mahaifinsu har ya yarda aka kawo ta Azare wurin likitan ƙwaƙwalwa. Likitan ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, rashin ɗa ya assasa shi, haihuwa ta ƙara masa ƙarfi, kuma yana da magani kamar yadda hawan jini yake da shi. Ya ce a ci gaba da addu'a, a kuma riƙa shan ƙwayoyin ba fashi, domin sai sun yi makonni kafin a ga aikinsu. A hankali barci ya dawo, ta fara cin abinci, ta koma saƙar hula. Abu ɗaya ne magani bai taɓa ba: ba ta yarda ta ba wa Ummi ko kurɓin ruwa da hannunta. Likita na iya rage mata nauyin ciwon, amma abin da ta yi imani ta aikata yana nan daram.

Shi ma can bai tsira ba. A ido ya yi ƙiba, ya sake babur, ya ƙara sito. Amma ya zama tamkar buhun waken da ƙwaro ya shiga: a tsaye yake a cike, sai an zura hannu a ji gari. Ba ya zama a zaurensa. Wata rana a wurin suna ya ga yaro ya kafa kai a robar lemo, ya zabura ya buge ta daga hannunsa har yaron ya faɗi, aka yi ta ba uban yaron haƙuri. Amaryarsa ta yi yaji sau biyu saboda faɗan da ba ta san tushensa ba. Robar nan kuwa ya kasa jefar da ita. Ya naɗe ta a tsumma ya cusa a saƙon rufin sito, kullum ya buɗe ƙofa sai idonsa ya kai wurin.

Da Babbar Sallah ta 2024 kawun Ummi ya kawo ta Azare ta gaida Hajiya. Shekararta uku, kusan daidai da Abba lokacin da ya rasu, kuma goshinsu ɗaya. Da rana ta ce ƙishirwa take ji. Uban ya ɗebo ruwa a randa ya tsuguna ya miƙa mata. Yarinyar ta tsaya tana kallon moɗar, ta kalle shi.

"Baba, kai hannunka da kyau?"

Ya ce, "Me ya sa kika tambaya, Ummi?"

"Mama ta ce nata ba kyau. Shi ya kashe Yaya. Inna ce take ba ni ruwa."

Moɗar ta suɓuce masa. Daren nan bai runtsa ba. Da aka idar da Asuba ya jira kowa ya fita, ya matsa kusa da liman, dattijon da ya yi wa Abba sallah.

"Allah gafarta Malam, mutum ne ya yi kuskure rai ya salwanta, ya bari aka ɗora wa wani. Ya yi istigfari, ya yi sadaka, ya yi azumi. Me ya rage masa?"

Liman ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Wanda aka ɗora wa, yana da rai?"

"Yana da rai."

"To duk abin da ya yi bai taɓa wurin ba. Tsakaninsa da Allah, ƙofar tuba a buɗe take, hukuncin kuskuren kuma ya zo mu zauna in faɗa masa abin da ke kansa. Amma haƙƙin mutum, mai shi ake zuwa wa. Kuma a gaban waɗanda aka ɓata shi, a nan ake wanke shi." Ya ɗago ya dube shi. "Kada ya jira. Ko shi ko mai haƙƙin, ba wanda ya san ranar tafiyarsa."

Duk da haka sai da ya ƙara wata biyu yana ɗaura niyya yana kwancewa. A watan Agusta, lokacin da ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a kusa da Azare, aka shiga maganar ƙauyukan da ruwa ya ci a ƙasar Zaki, inda Maman Abba take, sai tsoro ya kama shi kada ya wayi gari ya ji ba ta. Ya ciro robar daga rufin sito ya hau babur.

Ya isa Katagum da laka har gwiwa. Ya tsuguna a gaban surukinsa ya ce, "Baba, ina roƙon a kira ta, a kira Inna. Magana ce da ba zan iya faɗa sau biyu ba."

Da suka zauna ya warware tsumman ya ajiye robar a tabarma. Ya faɗi komai, tun daga mai galan har zuwa tambayar likita. Inna ta ɗora hannu a ka tana salati. Maman Abba ba ta dubi robar ba, shi take kallo.

"Kwalbata, a sama take?"

"A sama take."

"A rufe?"

"A rufe. Ban taɓa ta ba."

Ta miƙe ta shiga cikin gida. Suna jin ƙarar murfin randa. Ta kira Ummi, ta zaunar da ita a cinyarta, ta kafa mata moɗa a baki da hannunta, yarinyar na sha tana kallon ta da mamaki. Sai a lokacin kuka ya zo mata, irin wanda ba ta yi ba tun ranar sadakar uku.

Da ta dawo zaure ya ce ta yafe masa, ta koma ɗakinta, zai yi mata duk abin da take so.

Ta ce, "Baban Abba, robar nan na yafe maka. Mantuwa ce, ni ma tana iya faruwa da ni, kuma kwanansa ne ya ƙare. Da ka faɗa mini a daren nan, da tare za mu yi kukan ɗanmu. Amma kana kwance kana jin ina hawa kujera. Kana zaune aka danne ni ana neman aljani a jikina. Kana gani na kasa ɗaukar 'yata. Kullum gari ya waye kana da damar magana, kullum ka zaɓi ka yi shiru. Wannan ba mantuwa ba ce. Zan roƙi Allah ya ba ni ikon yafe shi, amma ba zan iya kwana ɗaki ɗaya da kai ba. Abu biyu nake so: ka faɗa wa Hajiya da matan unguwa da bakinka, sannan ka ba ni takardata."

Mahaifinta ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, ya tuna shekarun da ta yi a gabansa tana ɓoye hannu a zane, sai ya yi shiru.

Baban Abba ya cika duka biyun. Ya tara matan da suka zauna makoki ya faɗa musu, abin da ya guje wa tun farko kuma ya same shi: an yi ta maganarsa a kasuwa har wata guda, daga nan kowa ya koma harkarsa. Hajiya da tsufanta ta shiga mota har Katagum ta nemi gafarar surukarta. Maman Abba ta gama idda, ta ci gaba da zuwa asibiti har likita ya rage mata magani, yanzu ita ke yi wa Ummi wanka da kitso. Shi kuma ya koma buhu mai ninki uku, duk wanda ya gani yana ɗura magani a robar lemo sai ya tsayar da shi ya ba shi labarin Abba, ba ya rage komai.

Surutun wata ɗaya ya guje wa, ya saya da lafiyar matarsa ta kusan shekara huɗu, da aurensa, da shekarun da 'yarsa ta yi ba ta san hannun uwarta ba. Mutuwar yaron ƙaddara ce da sakaci ya yi wa sanadi. Abin da ya biyo baya kuwa aikin harshe ne, na wanda ya yi ƙarya da na waɗanda suka yanke hukunci a zaman makoki ba tare da sun ga komai ba.

Don haka mai gida, kada ka zuba guba a mazubin abin sha, kada ka ajiye ta inda hannun yaro zai kai. In tsautsayi ya faɗa, a bar manja da madara, a ɗauki yaro da abin da ya sha a nufi asibiti. Masu zuwa gaisuwa, ku yi addu'a ku tashi, ba a aike ku neman mai laifi ba. Wadda rashi ko haihuwa ya taɓa wa hankali, a haɗa mata addu'a da likita. Wanda kuma ya san akwai wani da ke ɗauke da laifinsa a yau, ya je ya sauke masa tun suna da rai su biyun.